Flightradar24: manhajar da ta nuna min ainihin awa nawa ne daga Kano zuwa Jidda

Tun azumin 2024 nake amfani da Flightradar24, manhajar da ke nuna inda jiragen sama suke a taswira, a wayata, kuma abin da yasa na sauke ta Hajiyarmu ce zata tafi Umara ita da Yayanmu babba, tana da ciwon suga ga ciwon gwiwa, maganinta da lokaci take sha, to dole in san awa nawa zata yi a zaune a sama. Na tambayi ejan da yayi musu biza da tikiti yace min ai Kano zuwa Jidda awa huɗu ne, kafin ta gama gyangyaɗi an sauka. Na duba tikitin naga tashi ƙarfe 2 na rana, sauka 10 da rabi na dare. Nace Alhaji wannan fa awa takwas da rabi ne, yace a'a bambancin lokaci ne kawai. To Saudiyya awa biyu ta riga mu, wannan kowa ya sani, in ka cire biyu daga takwas da rabi saura shida da rabi, ina sauran awa biyu da rabin suka fito? Bai bani amsa ba sai cewa yayi in kwantar da hankalina shekara ashirin yana kai mutane. Ni kuma hankalina bai kwanta ba, don uwa ce, kuma mai suga in ta wuce lokacin abinci da magani jikinta rawa yake ɗauka.

Wani abokin aikina ne ya karɓi wayata ya sauke min manhajar, yace saka lambar jirgin da ke jikin tikitin, harafi biyun nan da lambobin da ke binsu. Ina sakawa sai ga jerin tafiye-tafiyen da wannan jirgin yayi a kwana bakwai da suka wuce, kowanne da ranarsa, da lokacin da aka rubuta zai tashi, da lokacin da ya tashi da gaske, da lokacin da ya sauka, da awannin da yayi a sama. Babu ko ɗaya da yayi awa huɗu. Duk sun haura shida. Wannan shafin kaɗai wallahi ya isa dalilin da zai sa mutum ya ajiye manhajar a wayarsa, don ba maganar wani kake ji ba, abin da jirgin yayi shekaranjiya da jiya kake gani da idonka.

Daga nan na danna ɗaya daga cikinsu na kalli hanyar da ya bi a taswira, a nan ne na gane komai. Tazarar da ke tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz a Jidda in aka ja miƙaƙƙen layi wajen kilomita 3,400 ce, kuma layin ta kan Chadi yake bi ya ratsa tsakiyar Sudan ya tsallake Bahar Maliya. Babban jirgin fasinja in ya daidaita a sama yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa, to kaga in ka raba zaka samu awa huɗu, ka ƙara da hawa da sauka ya zama huɗu da rabi ko kusan biyar. Kenan ejan ba ƙirƙirar maganar yayi ba, tsohon lissafi ne ya riƙe. Abin da bai saka a lissafinsa ba shine yaƙin Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, jirage suka koma kewaye. Wanda na kalla ya tashi daga Kano maimakon ya miƙi gabas sai ya gangara kudu ta wajen Kamaru da Afirka ta Tsakiya, ya zagayo ta Habasha, sannan ya haura arewa ya shiga Jidda ta kan teku, layin ya lanƙwasa kamar lauje. Alhazan 2023 ma sun sha wannan kewayen, duk wanda yake da ɗan'uwa da ya sauke farali a shekarar zai gaya maka zaman jirgin ya fi na da tsawo.

Na nuna wa Hajiya taswirar a waya, ta saka tabarau ta daɗe tana kallo, tace Auta nuna min Sudan ɗin. Na nuna mata. Tace ta nan kakanku ya bi da ƙafa da jaki, ta Chadi ya shiga, yayi noma a hanya ya tara guzuri, ya hau jirgin ruwa a Suwakin, sai da ya shekara uku kafin ya dawo gida. Tayi shiru sannan tace Allah ya zaunar musu da ƙasarsu lafiya, mutanen da suka ciyar da alhazanmu a hanya yau ko ta samansu ba a iya wucewa. Daga nan bata ƙara ƙorafin awa shida ba, sai cewa tayi in rubuta mata lokutan maganinta da agogon Kano da agogon Makka gefe da gefe a takarda, na rubuta mata na saka a jakar hannunta tare da dabino da biskit.

Ranar tafiyar ita ce ranar da na san darajar manhajar sosai. Mun raka su filin jirgi tun 11 na safe tunda jirgin waje awa uku kafin tashi ake so ka iso, suka shige ciki mu muka dawo gida. Da a da ne shikenan sai zaman jira da kiran wayar da ba zata shiga ba. Wannan karon ina zaune a tsakar gida naga ɗan jirgin nan mai ruwan ɗorawa ya bayyana a kan taswirar Kano, na danna shi ya koma ja, ga hotonsa, ga irinsa, ga lambar da ke jikinsa, ga wani layi a ƙasa yana nuna kilomita nawa ya ci saura nawa, minti nawa da tashi saura awa nawa ya sauka. Tsayinsa yana ta hawa a gaban idona har ya wuce ƙafa dubu talatin da biyar ya tsaya. Ƙannena mata da matar Yaya duk suka zagaye ni, yaran Yaya kowa so yake ya riƙe wayar ya ga Baba a sama. Da aka sha ruwa na duba, bayan tarawi na sake dubawa, a lokacin sun kusa bakin teku.

Akwai abu ɗaya da nake so duk wanda zai yi amfani da ita ya sani tun kafin gabansa ya faɗi. Manhajar da na'urori take aiki, waɗanda mutane suka kafa a gidajensu da ofisoshinsu a faɗin duniya, su suke kama siginar da jirgi yake watsawa mai ɗauke da inda yake da tsayinsa da saurinsa, fasahar da ake kira ADS-B. Kamfanin na ƙasar Suwidin ne, a Turai na'urorin sun yi yawa kamar me, amma a tsakiyar Afirka da hamada da kan teku akwai wuraren da babu su sosai. In jirgi ya shiga irin wannan wurin zaka ga layinsa ya koma ɗigo-ɗigo, wato hasashen inda yake ake yi, wani lokacin ma ya ɗan ɓace daga taswira sai can ya sake fitowa. Suna haɗawa da tauraron ɗan'adam don cike gurbin, irin waɗannan jiragen shuɗi suke fitowa. Ni abokina ya riga ya gaya min don haka da na Hajiya ya koma ɗigo-ɗigo a sararin Afirka ta Tsakiya ban tada hankalin kowa ba, nace musu wurin ne babu na'ura, bayan kamar rabin awa ya dawo daidai. Don Allah in zaka nuna wa tsoho ko mai raunin zuciya ka fara yi masa wannan bayanin.

Maganar mikati ma ta amfane mu. Tunda na riga naga ta kudu jirgin yake shigowa, na gaya wa Yaya ta wajen Yalamlam zasu wuce, kuma daga inda ake sanarwa zuwa sauka ba wani lokaci ne mai yawa ba, banɗakin jirgi kuma layi ake yi a daidai wannan lokacin kowa na son canza kaya. Nace Yaya ka ɗaura zanin haraminka tun daga Kano ka ɗora jallabiya a kai, in an sanar sai ka cire rigar ka yafa mayafin kayi niyya a kujerarka. Haka yayi, da suka dawo yace mutane da yawa sun sha wahalar layin, wani dattijo a gefensa sai a tsakanin kujeru aka kare shi da bargo ya canza. Wanda ya biyo ta Alƙahira shi ta arewa zai shigo, ta wajen Juhfa, to sanin hanyar jirginka yana da amfani har a ibadarka.

Jirginsu ya taɓa ƙasa a Jidda, manhajar ta nuna ya sauka da ɗigo kore a gefe alamar bai makara ba, awa shida da 'yan mintoci a sama. Amma fa a nan aikinta ya ƙare, kuma nan ne mutane suke ruɗewa. Lokacin da ke jikin tikiti daga rufe ƙofa da ja da baya ne zuwa tsayawa a ɗaya filin, ya haɗa da tafiyar da jirgi yake yi a ƙasa kafin ya hau titin tashi da jiran layi, shi yasa kullum ya fi na sama tsawo da minti ashirin ko talatin. Na manhajar kuma daga ɗagawa ne zuwa taɓa ƙasa. Babu ɗayansu da ya lissafa maka layin shige da fice, da jiran kaya, da neman mota, da tafiyar Jidda zuwa Makka wadda ta kusa kilomita 100 daga filin jirgin. Hajiya ta bar gida 10 da rabi na safe, Yaya ya kira ni sun shiga masauki ƙarfe 12 na dare ya wuce a agogonmu, wato 2 ta wuce a can. Kusan awa goma sha huɗu kenan daga ƙofar gida zuwa ƙofar ɗaki, tafiyar da aka ce min awa huɗu ce. Da na biye wa waccan maganar da ban haɗa mata abin taɓawa da maganin dare a jakar hannu ba, da suna cikin babban akwati a ƙasan jirgi.

Tikitin dawowa kuma shi yake yaudarar ido ta ɗaya gefen. An rubuta tashi daga Jidda 6 na safe, sauka Kano 10 da rabi na safe, in ka kalla zaka ce awa huɗu da rabi ne, alhali shida da rabi ne, awa biyun ne suka koma baya. Kowane lokaci a tikiti agogon garin da aka rubuta a gefensa ne. Manhajar ma haka take nunawa, sai dai a wajen saiti zaka iya zaɓar agogon filin jirgin ko na wayarka ko UTC wato agogon bai ɗaya na duniya, ni na wayata na zaɓa don kada in rikice. A saitin ne kuma zaka maida tazara zuwa kilomita, sauri ma haka, don in ka barshi yadda yazo zaka ga an rubuta 480 kts kace jirgin baya gudu, alhali kowane ɗaya a wannan ma'aunin kilomita 1.852 ne a awa, 480 ɗin kusan 890 kenan.

Bayan sun dawo ne matar kawuna zata tafi, aka kawo mata tikiti biyu, na kai tsaye da na tiransit mai sauƙin kuɗi, aka ce in duba. Na zauna da manhajar na haɗa lissafi. Kano zuwa Addis Ababa wajen kilomita 3,300 ne a miƙe, Addis zuwa Jidda wajen 1,400, jimla 4,700 kenan. Ta Alƙahira kuma wajen 3,100 ne sai ka ƙara 1,200, kusan 4,300. Ta Doha ita ce mafi nisa, Kano zuwa can kaɗai ya haura 4,700, ka wuce Jidda ka sake dawowa baya fiye da kilomita 1,300. Amma abin da na lura ba nisan ne yake gajiyar da mutum ba, zaman jira ne a tsakiya. Nata tikitin awa tara aka saka mata a filin tiransit cikin dare, ga ta bata jin Turanci bata jin Larabci, ga ƙafa. Na gaya wa Kawu gaskiya nace Kawu ragin da aka yi maka bai kai wahalar da Inna zata sha ba, in da hali a cika a sai mata na kai tsaye, ya cika. Matashi mai ƙarfi da yake son rage kuɗi tiransit ba laifi, wani ma yana so don ya miƙe ƙafa yayi sallah a nutse a ƙasa, amma ya duba tarihin jirgin farko ya gani ko yana yawan makara, don in tazarar da ke tsakaninsu awa ɗaya da rabi ce kuma na farkon kullum sai ya makara da awa guda, to na biyun tafiyarsa zai yi ya barka.

Jiragen cikin gida kuwa a nan nafi amfani da ita yanzu tunda aiki yana kaini Abuja da Legas. Kano zuwa Abuja a sama bai fi kilomita 365 ba, minti arba'in da biyar zuwa hamsin ne, ana gama raba ruwa da ɗan kek zaka ji an ce a ɗaura bel za a sauka, tikiti kuma awa ɗaya ko da 'yan mintoci yake rubutawa. Kano zuwa Legas wajen kilomita 830, awa ɗaya da minti ashirin haka. Dabarar da na koya ita ce ba jirgina nake dubawa ba, wanda zai zo ya ɗauke mu nake dubawa, don yawanci jirgin da zai tashi daga Kano daga wani gari yake zuwa ya sauke mutane ya kwashe mu. Akwai ranar da wani kamfani da bazan kira sunansa ba suka rubuta mana 4 na yamma, muna zaune a ɗakin jira har 5 babu wanda yace mana uffan, na danna filin jirgin Kano a taswira na shiga jerin masu sauka naga jirgin namu ko tashi bai yi daga Legas ba. Na lissafa, ko yanzu ya tashi sai yayi awa ɗaya da minti ashirin, ya sauke mutane a share a sha mai, kenan kafin 7 babu inda zamu. Na gaya wa wata baiwar Allah da ke gefena da jariri yana ta kuka, nace Hajiya ki samu wuri ki shayar da shi kiyi sallarki a nutse babu jirgi yanzu, ta tashi ta tafi. Sai 8 saura muka tashi. Abin da yafi ɓata min rai ba makarar bace, rashin fitowa a yi wa mutane bayani ne, akwai marasa lafiya a wurin akwai masu jirgin waje da zasu kama a Legas.

Lokacin hunturu kuma daga Disamba zuwa Fabrairu in hazo ya rufe Kano, kafin in bar gida sai na buɗe na duba ko akwai jirgin da ya sauka tun safe, akwai ma wajen yanayi da ke nuna nisan da ido yake iya gani a filin. Wani lokacin zaka ga jirgi yazo saman gari yana ta zagaye, layinsa ya zama kamar zobe a kan zobe, can kuma ya juya ya koma Abuja. In naga haka na san ranar sai haƙuri.

Inda bata kai ba shima zan faɗa. Babu Hausa a cikinta, kuma gajerun haruffa sun yi yawa, STD da ATD da STA, sai an yi maka bayani cewa na farko lokacin da aka tsara tashi ne, na biyu lokacin da aka tashi da gaske, na uku lokacin da aka tsara sauka. Filayen jirgi ma da lambarsu ta harafi uku suka fi saurin fitowa, KAN Kano, ABV Abuja, LOS Legas, JED Jidda, MED Madina, gara ka haddace naka. Taswirar tana son netwok mai kyau kuma in ka barta a buɗe awa da awanni zata ja data da caji, ni rufewa nake in buɗe bayan kowane rabin awa. Ta kyautar akwai talla a ƙasa, tarihin da take nunawa kwana bakwai ne kawai, to jirgin da sau biyu yake tashi a sati tafiya biyu kacal zaka gani, bai isa ka yanke hukunci a kan kamfani ba. Bata saida tikiti, bata nuna farashi, kuma bata gaya maka dalilin makara, zata nuna maka dai jirgi yana ƙasa. Lokacin saukar da take nunawa shima hasashe ne, yana matsawa gaba ko baya da 'yan mintoci saboda iska da layin sauka, don haka in zaka je ɗauko mutum ka duba sau biyu.

Akwai na kuɗi, Silver da Gold, na farkon yana buɗe maka tarihin kwana 90 na biyun shekara guda, tallan ma ya tafi. Na gwada Silver na wata ɗaya lokacin tafiyar Inna don inga tarihin jirginta da nisa, ya yi min amfani a wannan watan, bayan nan na koma ta kyauta kuma bata rage ni da komai ba. Wanda nake ganin ya kamata ya biya shine ejan da yake saida wa mutane tikiti da jami'an da suke raka alhazai, su ne ake tambaya awa nawa ne, kuma amsarsu ake ɗauka a shirya magani da abinci da wanda zai je tarba. In maki za a bayar ni huɗu da rabi cikin biyar zan bata, rabin da na cire na rashin harshenmu ne da gurbin da ke tsakiyar Afirka.

Ranar da su Hajiya zasu dawo ban bar gida ba sai da naga jirginsu ya shigo sararin Najeriya ya fara rage tsayi, saura minti talatin da biyar. Daga unguwarmu zuwa filin jirgi minti ashirin ne in babu cunkoso a Kofar Ruwa. Na ajiye mota kenan na ɗaga kai na hango shi yana saukowa da tayoyi a waje, na duba waya lambar jikinsa ita ce. Sai da suka yi awa ɗaya da wani abu a ciki wajen kaya da jarkar zamzam kafin Yaya ya turo ta a keke, tana hango ni tace Auta tun yaushe kake nan, nace Hajiya tare muka iso.